Łańcut: Garin da Ya Yi Kusan Shekara 600 a Hannun Masu Shi

A kudu maso gabashin ƙasar Poland, kimanin kilomita 17 gabas da birnin Rzeszów, akwai wani ƙaramin gari mai suna Łańcut, wanda yawan mutanensa bai kai 20,000 ba, amma a tsakiyarsa akwai fadar da ake lissafawa cikin mafi ƙayatarwa a duk faɗin ƙasar. Duk wanda ya ga ƙanƙantar garin ya kuma ga girman fadar, dole ya tambayi yadda aka yi suka haɗu wuri ɗaya. Amsar tana cikin wani tsari da Poland ta daɗe a kansa, wato mutum ɗaya ya mallaki gari sukutum, da kasuwarsa da gonakinsa da kotunsa, ya sayar da shi in ya ga dama, ya jinginar da shi in bashi ya ci shi, ya bar wa magada in ya mutu. Tun daga tsakiyar ƙarni na 14 har zuwa shekarar 1944, Łańcut yana hannun masu shi ko a inuwarsu a ko da yaushe, kuma gidaje huɗu ne suka riƙe shi bi da bi: Pilecki, da Stadnicki, da Lubomirski, da Potocki.

Kafin a shiga labarin gidajen nan, ya kamata a fahimci matsayin masu asali a tsohuwar Poland, waɗanda ake kira szlachta. Ba su yi kama da hakiman ƙasar Hausa ba, domin hakimi yana riƙon ƙasa ne a madadin sarki, sarkin da ya naɗa shi kuma yana iya tuɓe shi. Mai asali a Poland ƙasarsa tasa ce halak malak, kuma a hankali ajinsu ya yi ta tsuke ikon sarki har ya zama su ne masu naɗa shi. Dokar 1496 ta hana mutanen birane sayen ƙasar noma, ta kuma taƙaita ’yancin manomi na barin ƙauyen ubangidansa. Dokar 1505 ta hana sarki kafa sabuwar doka sai da yardar majalisar masu asali. Daga 1573 sarauta ta koma ta zaɓe, daga 1652 kuwa aka fara aiki da al’adar nan da ta ba ɗan majalisa guda damar rushe zaman majalisa baki ɗaya da ƙin amincewarsa. A takarda duk masu asali daidai suke da juna, amma a zahiri wasu ’yan gidaje kaɗan sun tara ƙauyuka ɗaruruwa da garuruwa da sojoji na ƙashin kansu, yayin da dubban ƙananan masu asali, waɗanda ba su da komai sai suna da takobi, suka zama ’yan korensu a fagen zaɓe. Mafi yawan garuruwan ƙasar na irin waɗannan manyan gidaje ne da na coci, kaɗan ne suke ƙarƙashin sarki kai tsaye.

An kafa Łańcut a wajajen 1349, zamanin Sarki Kazimierz Mai Girma, wanda yake ƙoƙarin cika wannan yanki na bakin iyaka da mutane, kuma da yawa daga cikin mazaunan farko baƙi ne masu magana da Jamusanci. An ba garin dokar Magdeburg, wadda ita ce tsarin da garuruwan tsakiyar Turai suke bi a lokacin: majalisar gari, da kotun mutanen gari, da ranakun kasuwa, da ƙungiyoyin masu sana’a. Sarkin ya ba Otto na Pilcza yankin, ta nan ne gidan Pilecki ya samo shi. ’Yar Otto, Elżbieta, wadda ta gaji garin, ita ce ta auri Sarki Władysław Jagiełło a 1417, auren da manyan ƙasar suka yi ta guna-guni a kansa saboda amaryar ba jinin sarauta ba ce. A zamanin gidan nan garin ya rayu da fatauci da saƙa, kodayake hare-haren Tatar, mahayan da suke fitowa daga gabas, sun sha auka masa, kamar yadda suka auka wa sauran garuruwan yankin.

A 1586 Łańcut ya faɗa hannun Stanisław Stadnicki, wanda ya karɓe shi a madadin bashin da yake bin gidan Pilecki, kuma a nan ne aka ga mummunar fuskar wannan tsari ƙiri-ƙiri. Stadnicki jarumi ne da ya yi suna a yaƙi, amma da ya zauna a garin sai ya mai da shi sansanin ’yan ta’adi: ya tara sojojin haya, ya riƙa kai wa maƙwabta hari, yana tare fatake a hanya, yana tsare mutane a kurkukunsa, har aka yi masa laƙabi da Shaiɗanin Łańcut. Kotuna sun yanke masa hukunci ba sau ɗaya ba, amma babu mai zartarwa, domin ƙasar ba ta da rundunar da za ta tura wa mutum irinsa, shi kuwa yana cikin jagororin tawayen da masu asali suka yi wa Sarki Zygmunt na Uku a 1606. Wanda ya kawo ƙarshensa wani babban mai ƙasa ne irinsa, Łukasz Opaliński, mai riƙe da garin Leżajsk, wanda ya yi yaƙi da shi na shekaru kamar ƙasa da ƙasa. A 1608 mutanen Opaliński suka ci Łańcut suka ƙone gidan Stadnicki, a 1610 kuma aka kashe shi aka fille kansa. Mutanen garin, waɗanda ba su ci nanin ba, su ne nanin ta ci, tunda gidajensu da rumfunansu ne filin dagar.

Stanisław Lubomirski ne ya karɓi garin daga ’ya’yan Stadnicki a 1629. Arzikin gidansu ya samo asali ne daga gishiri, domin mahaifinsa, Sebastian, shi ne ya riƙe ma’adinan gishirin sarki da ke kusa da Kraków, ya tara kuɗi, ya riƙa ba da rance yana karɓar ƙasa. Stanisław ya ƙara a kai ta hanyar auren Zofia Ostrogska, ’yar gidan da ya fi kowane gida ƙasa a yankunan da suke Yukiren a yau, sa’annan ya yi suna a 1621 lokacin da ya karɓi jagorancin rundunar Poland a Chocim, bayan rasuwar babban kwamanda, a karawarsu da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Usman na Biyu. Tsakanin 1629 da farkon shekarun 1640 ya gina sabuwar fada a Łańcut bisa salon Italiya: gida mai kusurwa huɗu da tsakar gida, kewaye da ganuwa mai siffar tauraro mai tsini biyar, da gwalalo, da igwa a kan kowane tsini. Har yau wanda ya zaga lambun fadar zai ga siffar tauraron a ƙasa.

Ganuwar ta yi aikinta, amma ya kamata a lura da wanda ta yi wa. A lokacin mamayar Suwidin ta shekarun 1650, fadar ba ta faɗi ba, har Sarki Jan Kazimierz ya sauka a cikinta a 1656. A 1657 Yariman Transylvania, György Rákóczi na Biyu, ya zo da rundunarsa, fadar ta gagare shi, sai ya huce a kan garin ya cinna masa wuta. Ɗan mai ginin, Jerzy Sebastian Lubomirski, wanda ya taka rawa sosai wajen korar maharan, shi ne kuma ya ɗauki makami ya yi wa Sarki Jan Kazimierz tawaye a 1665, ya ci rundunarsa a Mątwy a 1666, ya binne shirin gyaran tsarin zaɓen sarki. Ƙarfin da ya kare Łańcut daga baƙi, shi ne ƙarfin da ya hana a gina gwamnatin tsakiya da za ta kare ƙasar duka, kuma a ganina wannan shi ne abin da mai yabon kyawun fadar ya fi saurin mantawa.

To, me mai gari yake samu daga garinsa, me kuma yake ba shi? Yana karɓar kuɗin filaye da na rumfunan kasuwa da na gadoji da na injinan niƙa. Shi ne yake tabbatar da shugabannin majalisar gari, kuma ƙarar da aka ɗaukaka daga kotun gari a gabansa take ƙarewa. A ƙauyukan da ke kewaye, manoma suna yi masa aikin dole a gandunsa kwanaki a kowane mako, da dabbobinsu da kayan aikinsu, ba kuma su da ikon tashi sai da izininsa. Akwai wata hanyar kuɗi da ta fi waɗannan duka tsoka a ƙarni na 18, wato shi kaɗai ke da ikon dafa giya da barasa da sayar da su a cikin ƙasarsa, saboda haka hatsin da manomi ya noma masa kyauta ake dafawa a sayar wa manomin a mashayar ubangida. Abin da yake bayarwa shi ne tsaro gwargwadon hali, da neman izinin manyan kasuwanni daga sarki, da gina coci da gidan marasa galihu, da yafe haraji na ’yan shekaru bayan gobara ko annoba don kada garin ya watse. Ya san cewa garin da ya mutu ba ya kawo kuɗi, mutanen gari kuma sun san cewa arzikinsu ya rataya ne a kan halin mutum ɗaya da ba su suka zaɓe shi ba. Ko dokar birane ta 1791, wadda ta ba mutanen birane ’yanci mai yawa, garuruwan sarki kaɗai ta shafa.

Yahudawan garin suna tsakiyar wannan lissafi. Garuruwan sarki da dama sun taƙaita zamansu saboda ’yan kasuwa Kiristoci ba sa son gasa, amma masu garuruwa na ƙashin kansu sun yi maraba da su, domin su ne suke karɓar hayar mashaya da injin niƙa, su ne dillalan hatsi da masu ba da rance. Matsayi ne mai riba da haɗari a lokaci guda, tunda fuskar da manomi yake gani wajen biyan kuɗi ta ɗan haya ce, ubangida yana can cikin fada. A 1761 aka gina majami’ar Yahudawa ta dutse a Łańcut da taimakon mai garin na lokacin, shi ma Stanisław Lubomirski, kuma an gina ta ne dab da lambun fada. Daga waje ba ta da wani ado, amma cikinta cike yake da zane-zane masu launi da rubutun Ibrananci, ga ginshiƙai huɗu a tsakiya kewaye da mumbarin karatu. Garin ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin ɗarikar Hasidawa, har yau ana zuwa ziyarar kabarin malaminsu Naftali na Ropczyce, wanda ya rasu a nan a 1827.

A 1772, lokacin da Rasha da Ostiriya da daular Jamusawa ta Prussia suka fara yanyanka Poland, Łańcut ya faɗa rabon Ostiriya, cikin lardin da aka sa wa suna Galicia. A 1795 ƙasar ta ɓace daga taswira. Abin lura shi ne cewa zamanin da ƙasar take mutuwa shi ne zamanin da fadar ta fi bunƙasa. Matar Stanisław ɗin da ya taimaka wajen gina majami’ar, Izabela, ’yar gidan Czartoryski, ita ce ta riƙe dukiyar bayan rasuwar mijinta a farkon shekarun 1780 har zuwa tata rasuwar a Vienna a 1816. Ta sa aka sauke ganuwa aka shuka itatuwa a wurinta, ta kawo magina irin su Szymon Bogumił Zug da Chrystian Piotr Aigner da Vincenzo Brenna, suka gina mata zauren rawa da ɗakin wasan kwaikwayo da ɗakin karatu da gidan rainon itatuwan ƙasashen zafi, har da wani sashe da aka ƙawata da salon Turkiyya. Ta sayo kayan ado daga Faransa da Italiya, ciki har da mutum-mutumin da shahararren masassaƙin nan Antonio Canova ya yi na yaron da ta riƙa, Henryk Lubomirski. Bayan juyin juya halin Faransa, ’yan gidan sarautar can da suka gudu sun sami masauki a wurinta, har da wanda ya zama Sarki Louis na 18 daga baya.

Izabela ba ta haifi namiji ba, ’ya’ya mata huɗu ta samu, saboda haka gadon Łańcut ya sake bi ta ɗakin mace, kamar yadda ya yi a zamanin Elżbieta. Ya koma hannun jikanta Alfred Potocki, ɗan ’yarta Julia. Shi wannan Alfred ya yi abin da ya ɗaure garin da zuriyarsa har ƙarni guda da ɗori, wato a 1830 ya mai da dukiyar ordynacja. Ma’anar tsarin ita ce a ware fada da gonaki da dazuzzuka a dunƙule su wuri ɗaya, doka ta hana a raba su ko a sayar ko a jinginar, babban ɗa namiji kaɗai ya gada, sauran ’ya’ya a sallame su da kuɗi ko da wata ƙasa dabam. Tsarin ba sabo ba ne, domin gidan Radziwiłł ya yi nasa tun 1586, gidan Zamoyski kuma a 1589. Amfaninsa ga gidan a fili yake, dukiya ba ta narkewa a hannun magada. Illarsa ta faɗa wa ƙauyukan da ke kewaye, inda gonakin manoma suke ta ƙanƙancewa da rabon gado daga tsara zuwa tsara, alhali dubban hektocin da ke gefensu doka ta kulle su.

Da Ostiriya ta soke aikin dole a Galicia a 1848, shekara biyu bayan manoman yammacin lardin sun tashi sun karkashe iyayengijinsu, ikon shari’a da na mulki ya fita daga hannun masu ƙasa ya koma ga ma’aikatan gwamnati. Daga nan Łańcut ya daina zama mallakar Potocki a doka, amma ya ci gaba da zama a inuwarsu a tattalin arziki. Su ne masu masana’antar barasa, wadda ta yi suna har wajen lardin, su ne masu dazuzzuka da manyan gonaki, su ne suka fi kowa ɗaukar ma’aikata, daga akawu har mai share bargar doki. Jirgin ƙasa ya iso a 1859. Gidan ya zaɓi tafiya da Vienna, kuma ya ci ribar hakan: Alfred na Biyu ya zama firaministan ɓangaren Ostiriya na daular daga 1870 zuwa 1871, sa’annan gwamnan Galicia daga 1875 zuwa 1883, Sarki Franz Joseph kansa ya sha sauka a fadar. Ɗansa Roman da matarsa Elżbieta, ’yar gidan Radziwiłł, sun yi wa ginin gyara na ƙarshe daga 1889 zuwa ’yan shekaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka sa lantarki da ruwan famfo da bututun ɗumama ɗakuna, suka gina bargar dawaki da rumfar kekunan doki. Duk wannan a lardin da ya yi ƙaurin suna wajen talauci, inda samari suke ta ƙaura zuwa Amurka neman abin sawa a baki.

Poland ta dawo a 1918, tsarin mulkinta na 1921 ya soke gatan masu asali da laƙubbansu, amma ƙasar noma ta zauna inda take, gyaran da aka yi alkawari ya yi ta tafiyar hawainiya. Mai fada na ƙarshe, Alfred na Uku, ya ci gaba da rayuwa irin ta da, da farauta da liyafa da baƙi ’yan sarauta. A 1937 ya karɓi ƙanen Sarkin Ingila, mai riƙe da sarautar Kent, da matarsa, kuma a cikin shekarar nan ne manoma suka yi babban yajin hana kai abinci birane, wanda ya fi zafi a wannan yanki, ’yan sanda suka kashe mutum fiye da 40.

Matsayin Alfred a zamanin mamayar Jamus, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abu ne da har yanzu ake jayayya a kansa. A Satumbar 1939 Jamusawa sun cinna wa majami’ar Yahudawa wuta, shi ne ya sa baki aka kashe ta, aka mai da ginin rumbun hatsi, wannan ne ma dalilin da ya sa ya tsira. Ya ciyar da mabukata, ya kuma roƙi a saki wasu da aka kama. A ɗaya ɓangaren, hafsoshin Jamus sun zauna a fadarsa, ya yi mu’amala da su cikin ladabi irin na manya, abin da mutane da yawa ba su yafe masa ba. Ginin majami’ar ya iya cetowa, mutanenta kuwa ba su tsira ba: an kori da yawa zuwa ƙetaren kogin San a 1939, sauran kuma aka harbe su ko aka kai su sansanin kisa na Bełżec a 1942, al’ummar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na garin ta ƙare. A Yulin 1944, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka matso, Alfred ya bar Łańcut, bayan ya riga ya tura akwatuna kusan 600 na zane-zane da kayan azurfa da sauran abubuwa masu daraja ta jirgin ƙasa zuwa Vienna, abin da ba zai yiwu ba sai da izinin Jamusawa. Ya ƙare rayuwarsa yana sayar da kayan nan kaɗan-kaɗan, ya rasu a Geneva a 1958 bai bar ɗa ba.

Ranar 6 ga Satumba 1944 sabuwar gwamnatin ’yan gurguzu ta fitar da dokar rabon ƙasa, wadda ta ƙwace duk wata mallaka da ta wuce hekta 50 na noma ko hekta 100 gaba ɗaya, ba tare da diyya ba. Ɗaruruwan gidajen masu asali a faɗin ƙasar an wawashe su, wasu an mai da su ofisoshin gonakin gwamnati ko makarantu, wasu an bar su sun rushe. Łańcut ya kuɓuta saboda an ayyana shi gidan tarihi tun a cikin shekarar, kafin ’yan wawaso su yi masa illa, shi ya sa ɗakunansa suke cikin ’yan kaɗan a Poland da suka wanzu da kayansu na asali. Ɗakin karatun yana nan da littattafai fiye da 20,000, rumfar kekunan doki kuma tana cikin mafi girma a Turai. Daga baya aka tara a nan hotunan ibada da aka kwaso daga cocin ƙauyukan Yukiraniyawa, waɗanda aka tashi mutanensu da ƙarfi a shekarun 1940. Tun 1961 ake yin bikin kaɗe-kaɗe na shekara-shekara a zauren rawar Izabela, kuma masu yawon buɗe ido da fadar take jawowa suna cikin abin da otal-otal da gidajen abincin garin suka dogara da shi. Bayan faɗuwar gurguzu a 1989, Poland ba ta kafa wata doka ta bai ɗaya ba ta mayar da dukiyoyin da aka ƙwace, magadan tsofaffin gidaje sai dai kowa ya bi tasa shari’ar a kotu, fadar Łańcut da lambunta kuma suna hannun hukuma har yanzu.